Darasi na 14: Yadda Haske Ke Tona Asirin Roba

Duk manomin da ya taɓa mance buhun taki a bakin gona tun shuka har kaka ya san abin da zai tarar. Buhun da ya ɗauko kilo 50 daga kasuwar Ribah har gona ko zare ɗaya bai tsinke ba, yanzu da an ɗaga shi sai ya marmashe, farin gari ya maƙale a hannu. Gara ba ta ci shi ba, ruwan sama bai ruɓar da shi ba. Ga kuma baƙin tankin ruwa a kan ginin famfon unguwa, shekara da shekaru yana shan wannan ranar, ko gezau. Dukansu biyu roba muke ce musu. Ruwa ba ya tsami banza: akwai abin da ya faru a jikin buhun wanda bai faru a jikin tankin ba, kuma ido ba zai gane shi ba komai kaifinsa.

A wannan darasi za mu ga yadda masana ke haska roba da wani irin haske, su gane ko wace iri ce, me aka cakuɗa mata, ta ina ta fara lalacewa, har su fitar da hoton cikinta mai nuna inda kowane sinadari ya zauna.

Roba ba iri ɗaya ba ce

Komai da muke taɓawa an gina shi da ƙwayoyin zarra, su kuma a ɗaure suke da juna. Ruwan sha, kowace ƙwayarsa zarra uku ce kacal, haidirojin biyu da oksijin ɗaya. Roba kuwa doguwar sarƙa ce, gaɓa guda tana maimaituwa sau dubbai. Duk abin da aka gina da irin wannan sarƙa shi ake kira polima. Auduga polima ce, haka sitacin da ke cikin dawa da rogo, haka ƙaron dakwara da fatar da dukawa ke aiki da ita. Wani Bajamushe mai suna Hermann Staudinger ne ya dage tun 1920 cewa irin waɗannan dogayen sarƙoƙi na nan da gaske. Abokan aikinsa da yawa sun ƙi yarda, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel.

Robar masana'anta yawancinta daga man fetur da iskar gas take. An gano poliyetilin, wato PE, a Ingila a 1933, aka samu polifirofilin, wato PP, a Italiya a 1954. A Nijeriya masana'antar Eleme da ke Jihar Ribas tana yin ƙwayoyin waɗannan biyun, kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano su narka irinsu su yi buta da bokiti da tabarma, sannan motoci su kawo su Zuru da Ribah da Bena. Abin da duniya ke yi na roba a shekara ya haura tan miliyan 400.

Ledar fiya wata PE ce mai laushi, jarka PE ce mai tauri. Buhun taki da kujerar roba PP ne. Gorar ruwa da ta lemo PET ce. Bututun famfo da rigar wayar lantarki PVC ne. Farin soson nan da ake zuba abinci a ciki, wanda Jihar Legas ta haramta a Janairun 2024, shi ne PS. Tun 1988 aka fito da lambobi daga 1 zuwa 7 da ake bugawa a gindin kaya cikin wata alama mai kusurwa uku: 1 PET, 2 PE mai tauri, 3 PVC, 4 PE mai laushi, 5 PP, 6 PS, 7 kuma duk sauran. Lambar tana da amfani, sai dai kaya da yawa a kasuwanninmu ba su da ita, kuma wanda ya buga lamba ba ya rantsuwa a kanta. Ba ta faɗin ko an yi haɗi, ba ta faɗin ko rana ta riga ta cinye ƙarfin abin.

Girgizar da ba ta tsayawa

Zarra biyu da ke ɗaure da juna ba sa zama shiru. Dare da rana suna matsowa suna ja da baya, ko suna lanƙwasawa suna miƙewa. Mai kaɗa garaya ya san abu biyu game da tsirkiya: mai kauri muryarta ƙasa take, siririya sama, in ya ƙara ɗaure ta kuma muryar sai ta ƙara tashi. Haka dokar take a nan. Zarra mara nauyi tana girgiza da sauri, mai nauyi a hankali, ɗauri mai ƙarfi kuma yana ƙara saurin. Haidirojin ya fi kowace zarra rashin nauyi, don haka ɗaurinsa da kabon yana kai da komo kusan sau tiriliyan 87 a daƙiƙa ɗaya. Kulorin mai nauyi ne, ɗaurinsa da kabon bai kai rubu'in wannan saurin ba.

To, wa zai ƙirga wannan? Haske ne ke ƙirgawa. Shi ma haske kaɗawa yake yi, kowane launi da saurinsa. In saurin hasken ya yi daidai da saurin girgizar wani ɗauri, sai ɗaurin ya shanye shi. In bai yi daidai ba, hasken ya wuce abinsa. Hasken da ya dace da girgizar zarra ido ba ya ganinsa. A 1800 William Herschel, a Ingila, ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo da gilashi mai kusurwa uku, yana auna zafin kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin zafin gaba da ja, inda babu komai a ido, sai ya ga zafin ya ƙaru. Wannan ɓoyayyen haske shi ne infared. Kun san shi ko da ba ku san sunansa ba. Shi na'urar auna zafin goshi ta lokacin korona ke karantawa, wani reshensa kuma shi rimot ɗin talbijin ke aikawa. In kun danna rimot a gaban kyamarar waya, a wayoyi da yawa za ku ga ɗan haske yana ƙiftawa.

Masu sauraren rediyo sun saba jin mita 19 ko mita 25 a gajeren zango. Rediyo da haske 'yan gida ɗaya ne, bambancinsu tsawon zango. Na infared da ake wannan aiki da shi daga maikiron 2.5 yake zuwa 25. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai bai cika wuce maikiron 100 ba. Don sauƙin lissafi masana suna ƙirga zango nawa ne ke shiga santimita ɗaya, sai lambobin su kama daga 4000 zuwa 400. Babbar lamba girgiza mai sauri, ƙaramar lamba mai nawa. Da waɗannan lambobi za mu ci gaba.

Na'urar da ake wannan aiki da ita tana aika duk zangunan lokaci guda ta cikin yankin roba, ta auna waɗanda suka fito da waɗanda aka shanye, kwamfuta ta warware su da wani lissafi da ya samo asali daga Bafaranshe Joseph Fourier. Daga sunansa ne na'urar ta samu laƙabin FTIR. Abin da ke fitowa zane ne mai tudu da kwari, kowane tsini yana tsaye a kan lambarsa. Za mu kira shi tambari, domin babu sinadarai biyu masu zane iri ɗaya.

Tambarin PE ya fi kowanne sauƙi, tunda kabon da haidirojin kawai ke cikinta: manyan tsini biyu wajen 2915 da 2848, ɗaya wajen 1465, ɗaya wajen 720, shi ke nan. PP ma kabon da haidirojin ce, amma kowace gaɓa tana da ɗan reshe, reshen nan kuwa yana fitar da tsini mai ƙarfi a 1377. PET tana da kabon da oksijin masu ɗauri biyu, suna fitowa ɓaro-ɓaro wajen 1715. PVC ana kama ta da kulorin tsakanin 600 da 700. Ba a ce ku haddace waɗannan duka ba, kwamfuta tana da taskar dubban tambura da take gwadawa da su. Amma ku riƙe 1715, za mu sake haɗuwa da ita.

Akwai hanya ta biyu. A ranar 28 ga Fabrairun 1928, a birnin Kalkata na Indiya, C. V. Raman da ɗalibinsa K. S. Krishnan suka tabbatar cewa in aka haska abu da haske mai launi ɗaya, wani ɗan mitsitsi na hasken da ya watsu yana dawowa da launi dabam, domin ya bar wani abu na ƙarfinsa wajen girgiza zarra. Tazarar da ke tsakanin launin da ya shiga da wanda ya fito ita ce lambar girgizar. Raman ya samu kyautar Nobel a 1930, har yau Indiya tana bikin ranar kimiyya a ranar 28 ga Fabrairu. Hasken da ke sauya launi kaɗan ne ƙwarai, kusan ɗaya cikin miliyan goma, don haka hanyar ba ta yi ƙarfi sosai ba sai bayan ƙirƙiro leza, wato haske mai ƙarfi mai launi ɗaya, a 1960. Hanyoyin biyu suna cike giɓin juna. Infared ya fi ganin ɗaurin da ke da oksijin, Raman ya fi ganin ɗaurin kabon da kabon. Ruwa yana rufe wa infared ido, Raman kuwa bai damu da jiƙaƙƙen abu ba. Wannan hanya ta daɗe da shigowa ƙasarmu: wajen 2010 hukumar NAFDAC ta fara amfani da TruScan, wata na'urar Raman ta riƙewa a hannu, tana gane jabun magani ko bai fita daga ledarsa ba.

Daga ɗigo ɗaya zuwa hoto

Tambari ɗaya yana faɗin abin da ke wuri ɗaya, ko kuma ya haɗa komai ya ba da matsakaici. Ga robar da ke tsantsa wannan ya isa. Amma galibin kayan da muke saye ba tsantsa ba ne. Ɗauki ledar madarar gari ta ƙaramin ƙulli. A hannu falle ɗaya ce, kaurinta bai fi na gashi ba. A gaskiya yawanci falle uku ne manne da gam: PET a waje inda aka buga suna, siririn alminiyam a tsakiya mai tare iska da haske, PE a ciki wadda zafi ke narkarwa a liƙe bakin. In aka auna ta waje, na'ura za ta ce PET. In aka juya, ta ce PE. Duka biyun gaskiya ne, duka biyun kuma rabin labari ne.

Maganin wannan shi ne a haɗa na'urar da madubin ƙara girma, a ɗauki tambari a kowane ɗigo. Da farko ana yanka robar a gicciye da wata wuƙa ta musamman, a fitar da yanki mai kaurin maikiron 10 ko 20, domin in ya yi kauri zai shanye hasken duka a rasa abin karantawa. A shimfiɗa shi ƙarƙashin madubin. A da, ɗigo-ɗigo ake bi: a auna, a matsa kaɗan, a sake aunawa, hoto ɗaya ya ci yini ko kwana. A 1995 Neil Lewis da Ira Levin da abokan aikinsu a cibiyar binciken lafiya ta Amurka suka nuna cewa za a iya sa faranti mai ɗauke da dubban ƙananan idanu a madadin ido ɗaya. Irin waɗannan faranti don aikin soja aka fara ƙera su, na makamai masu bin zafi. Mai layi 64 tsaye da 64 kwance yana da ido 4,096, mai 128 da 128 yana da 16,384, kowane ido yana ɗaukar cikakken tambarin ɗigonsa lokaci guda. Aikin yini ya koma na mintoci. Jack Koenig na Jami'ar Case Western yana cikin waɗanda suka fara juya wannan fasaha ga binciken polima.

Abin da kwamfuta ke riƙe da shi bayan an gama ya wuce hoto. Kowane ɗigo yana da ɗaruruwan lambobi a ƙarƙashinsa. Sai mai bincike ya ce mata: duk inda 1715 ya yi ƙarfi, shafa ja, duk inda 720 ya yi ƙarfi, shafa kore. Nan take ledar madarar za ta bayyana a allo, jan layi a sama, koren layi a ƙasa, baƙin layi a tsakiya inda alminiyam ya hana haske wucewa, da siraran layukan gam masu nasu tambarin. Ana iya auna kaurin kowanne, a ga inda gam bai kama ba. A kula da abu ɗaya, domin yakan ruɗi mai kallo: launukan nan ba na robar ba ne, mai binciken ne ya zaɓe su. Wani zai iya sa shuɗi inda wannan ya sa ja. Duk wanda aka nuna wa irin wannan hoto, tambayarsa ta farko ita ce wace lamba kowane launi yake wakilta.

Infared yana rarrabe abubuwa biyu in tazararsu ta kai kamar maikiron 10. In aka danna yankin a jikin wani ɗan lu'ulu'u na musamman, yakan sauko zuwa maikiron kaɗan. Raman yana kaiwa maikiron ɗaya ko ƙasa da haka, amma a mafi yawan na'urori ɗigo-ɗigo yake bi, saboda haka yana cin lokaci.

Abin da hoton ya nuna a kayanmu

Mu koma ga buhun taki. Sabon zaren PP ba shi da oksijin a sarƙarsa, wurin 1715 a tambarinsa fili ne fetal. Hasken rana yana ɗauke da wani ɓangare mai ƙarfi, gaba da launin shuɗi, wanda ke ɓalle haidirojin daga daidai inda reshen nan yake. Oksijin na iska sai ya shiga gurbin, sarƙa ta tsinke, tsinin 1715 ya fara tsirowa. In aka yanka tsohuwar robar PP a gicciye aka ɗauki hoto, za a ga lalacewar ta yi kauri a fatar waje, tana raguwa zuwa ciki, domin haske da iska daga waje suke shiga. Kujera tana da kauri, fatarta za ta yi fari ta yi kaushi amma cikinta na nan da sauran ƙarfi. Zaren buhu kuwa siriri ne, kusan dukansa fata ne, shi ya sa yake mutuwa gaba ɗaya. Abin lura shi ne tsinin yana bayyana tun kafin ido ya ga wani canji. Kamfani zai iya gwada kayansa ya san wata nawa za su yi a rana kafin ya kai su kasuwa.

Farin garin fa? Wani ɓangarensa guntayen sarƙa ne, wani kuma garin farar ƙasa ne da masana'antu ke zubawa cikin roba don rage tsada. Tambarinsa a bayyane yake, wajen 1420 da 875. In an zuba shi daidai kima kuma ya watsu ko'ina, ba laifi. In ya yi yawa ko ya dunƙule wuri ɗaya, hoton zai nuna curi-curi, kuma daga nan tsaga take farawa. Baƙin tanki kuwa PE ne, wadda ba ta da yawan rassan nan masu rauni, sannan an zuba mata baƙin kabon kamar kashi 2 cikin 100, yana shanye hasken tun a bakin ƙofa.

Sai butar da ake saye da araha ta tsage cikin wata guda. Masu jari bola suna tara tsofaffin robobi, a kai Kano a niƙa, a wanke, a narka. Sana'a ce mai amfani, ba don su ba da kwatocinmu sun fi haka toshewa. Matsalar tana wajen tantancewa, wadda da ido da hannu ake yi. PE da PP sun yi kama, dukansu suna tasowa a kan ruwa, amma in an narka su tare ba sa gauraya. PE mai tauri tana narkewa wajen digiri 130, PP sai wajen 165. Da sun huce, ɗaya takan zauna ɗigo-ɗigo a cikin ɗayar. In aka shafa wa 1377 launi ɗaya, 720 wani launi, hoton zai fito da dabbare-dabbare, kuma iyakar kowane ɗigo wuri ne mai rauni. Araha ba ta ado, amma laifin ba na tsohuwar roba ba ne, na haɗin ne. A manyan wuraren sarrafa shara na Turai, kyamarar infared ce ke kallon kaya suna gudu a kan bel, ta gane kowanne, iska mai ƙarfi ta hura shi gefensa.

Inda batun ya fi shafar aljihun manomin ƙasar Zuru shi ne ajiyar wake. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kamfanin Lela Agro na Kano yana cikin masu yinsa, hawa uku ne: buhun saƙa na PP a waje don ɗauka, da leda biyu a ciki na PE mai tauri, kowace kaurin maikiron 80. In an ɗaure bakin da kyau, ƙwarin da ke ciki suna shaƙe ɗan oksijin da ya rage, su daina ci, su bushe su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in muka tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Duk dabarar ta rataya ne a kan ledar. PE mai laushi tana barin oksijin ya ratsa ta fiye da mai tauri, domin sarƙoƙinta masu rassa ba sa jeruwa su matse. A ido da wuya a bambance su. A tambari kuwa mai laushin tana nuna ɗan tsini a 1377 wanda mai taurin kusan ba ta da shi. Ledar da aka rage wa kauri, ko aka cika ta da farar ƙasa, ko ta daɗe a rana, buhu ne kawai, ba ma'aji ba. Shi ya sa ake cewa a ajiye shi a inuwa, a ɗora shi a kan katako nesa da bango.

Shinkafar roba da ɓurɓushi a cikin ruwa

A Disambar 2016 jami'an kwastan a Legas suka kama buhu 102 na wata shinkafa suka ce ta roba ce. Labari ya cika gari, har a jihar shinkafa irin Kebbi mutane suka riƙa murza ƙwaya suna shinshinawa. Da NAFDAC ta gwada, ta ce babu roba a ciki, sai dai ƙwayoyin cuta sun yi mata yawa, ba ta ciyuwa. Irin wannan gardama tambari yana kashe ta cikin minti ɗaya. Sitaci cike yake da oksijin, yana da faffaɗan tudu wajen 3300 da babban tsini wajen 1000. PE ba ta da ko ɗaya. A ra'ayina jita-jitar ta ɗauke hankali daga abin da ya fi cancantar damuwa, wato robar da ba a gani.

Roba ba ta ɓacewa, marmashewa take. Duk guntun da bai kai milimita 5 ba ana lissafa shi cikin ɓurɓushin roba, batun da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth ya ja hankalin duniya gare shi a 2004. Don ƙirga su, ana tace ruwa, a ɗauki hoton matatar gaba ɗaya da infared, kwamfuta ta ware roba daga yashi da zaren auduga, ta faɗi iri da girman kowane guntu. A 2018 Sherri Mason da abokan aikinta a Amurka suka gwada gorar ruwa 259 da aka sayo a ƙasashe tara, suka samu ɓurɓushi a kashi 93 cikin 100. Cikin manyan guntayen da aka tantance da infared, PP ce ta fi yawa, irin robar da ake yin murfi da ita. A 2024 masana na Jami'ar Columbia suka yi amfani da wata sabuwar hanyar Raman mai saurin gaske, suka ƙirga kimanin guntu 240,000 a lita ɗaya, mafi yawansu ba su kai maikiron ɗaya ba. A nan sai a yi hattara. Samun abu daban, sanin illarsa daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2019 hujjar da ke hannu ba ta nuna babban haɗari ba, ta nemi a ƙara bincike. Kada wani ya bar ruwa mai tsabta ya koma na kududdufi don tsoron ɓurɓushi. Kwalara ba ta jiran sakamakon bincike.

Inda na'urar take gazawa

Baƙar roba tana ba ta wahala, domin baƙin kabon yana shanye haske. Kyamarorin tantance shara ba sa ganin baƙin kaya, leza kuma takan ƙona su. Wasu rinayen suna fitar da nasu hasken da ke danne na Raman. Na'urar ba ta ganin ƙarafa masu guba irin dalma, wannan aikin wata na'ura ce dabam. Sinadarin da aka zuba kaɗan ƙwarai yakan ɓuya a ƙarƙashin manyan tsinin robar, ko da yake man da ake laushin PVC da shi, da yake yana da yawa, ana ganinsa, har a ga yadda yake gudu daga fatar takalmi ya bar shi ƙeƙashe. Sannan wurin da hoto ɗaya ke ɗauka sau da yawa bai kai kan allura ba. Mai bincike na gari yana yanko wurare da dama kafin ya yanke wa buhu guda hukunci.

Na'urar FTIR mai auna ɗigo ɗaya akwai ta a Arewa. Ɗalibai suna kai samfuri cibiyar NARICT da ke Basawa a Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da sashen nazarin polima da masaƙa. Mai ɗaukar hoto ta fi tsada nesa ba kusa ba, tana son wutar da ba ta yankewa, idanunta kuma sai an sanyaya su da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Yaron da ya tashi a Ribah ko Wasagu ya karanci kimiyyar sinadarai a Aliero ko Sakkwato ko Zariya zai haɗu da tambari tun kafin ya gama digirin farko.

Aiki

Ku amsa da bakinku kafin ku rubuta. Me ya sa ɗaurin kabon da haidirojin ya fi na kabon da kulorin saurin girgiza? An auna tsohuwar kujerar PP an ga tsini a 1715, me ya same ta? Wani ya nuna muku hoton yankin leda mai layi ja da kore ya ce jan guba ne, me za ku tambaye shi?

Kafin zama na gaba, kowa ya tattaro kayan roba biyar daga gida, ya duba gindinsu, ya rubuta lambar da ya gani ko ya rubuta babu. Ku yanko ɗan guntu daga kowanne ku tura shi ƙasan kofin ruwa da tsinke, ku saki. PE da PP za su taso, PET da PVC za su nutse; in guntun da lambarsa ta ce 5 ya nutse, mai yiwuwa an cika shi da farar ƙasa. Kada kowa ya gwada da wuta, hayaƙin PVC yana ƙona huhu. Ku zo da guntayen da takardarku mu gwada sakamakon juna.